Ƙafar Binh da Sunan Sagir

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, wai Baffanku Sagir ne ya yi ganganci da motar kamfani a Doha, ya karya ƙafar mutum, aka kore shi, korar ta haɗa da ni. Babu wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku, amma kun tsince ta a bakin mata wajen biki, kun kuma ji ta a irin shirun da ake yi idan ya yi sallama ya shigo. Na ga yadda kuke gaishe shi a tsaitsaye. Ina zaune Hafsatu ta ce wa mahaifiyarku gara a nemi wani ya yi mata walicci, na ji da kunnena, na juya fuska kamar ban ji ba. Yanzu kakarku Inna ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya ji ƙanta, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya warware. Maganar nan ba gaskiya ba ce. Ni ne a kan sitiyari ranar.

A lokacin ina shekarata ta bakwai a Qatar, ina tuƙa bas ɗin ma'aikata na wani kamfanin gine-gine. Masaukinmu yana Umm Salal, can bayan gonaki, aikin kuwa a Mesaimeer ake yi, don haka kullum sai na ratsa garin da mutum sittin a bayana, rabinsu suna gyangyaɗi. Ni na yi wa Sagir hanya ya zo, na tsaya masa wajen kafil, wato mai ɗaukar nauyin bizar ma'aikaci, aka ba shi bas irin tawa, aka sa mu ɗaki ɗaya da wasu mutum huɗu. Shekara goma sha uku na ba shi. Mahaifinmu ya rasu yana aji biyu na firamare, ni na zame masa uba, kuma ban taɓa sauka daga wannan kujera ba ko bayan da gemu ya fito masa. A Doha ma haka na riƙe shi. Mutum mai shekara talatin, amma a gaban 'yan ɗaki nake tambayarsa inda ya je, in ya yi dariya da ƙarfi in harare shi, in ya kawo shawara in ce wa ya tambaye shi. Bai taɓa mayar mini da magana ba. Sai dai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Ni kuma a ganina tarbiyya nake yi.

A kujerar gaba, kusa da ƙofa, wani dattijo ɗan ƙasar Vietnam ne ke zama, sunansa Binh, shi ne babban masu walda. Gajere ne, furfura ta cinye masa kai, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Ranar da ya fara shiga motata, ko sunana bai tambaya ba sai da ya tambayi shekaruna. Na ga abin bambaraƙwai, amma na faɗa masa. Da guntun Turancinsa da guntun Larabcin da duk muka tsinta a wurin aiki ya yi mini bayani, wai a harshensu ba ka iya yi wa mutum magana sai ka san matsayinka a wurinsa, domin babu "ni" da "kai" tsirara, sai dai wa da ƙani, ko kawu da ɗa. Tunda ya girme ni da shekara takwas, ni zan riƙa ce masa "anh", wato yaya, shi kuma ya ce mini "em", wato ƙane. Na yi dariya na ce ai mu ma a Funtuwa ba a kiran babba da gatsal. Daga nan muka saba. Yakan zo da wani koren shayi mai ɗaci a filas, ya zuba mini a murfi, ni kuma in an kawo mini kilishi daga gida in gutsura masa, ya ci yana hawaye saboda yaji, ya sake miƙo hannu. Da azumi ya zo, ba wanda ya ce masa komai, ya daina buɗe filas ɗin a gabana.

Abin ya faru ne da bazara, lokacin da ake tsayar da aiki da tsakar rana saboda zafi. Na dawo da mutane masauki, suka sauka a guje kowa na neman inuwa, farfajiyar ta zama wayam. Saura in ja bas ɗin da baya in jera ta a layi. Sai wayata ta yi ƙara. Wani abokina ne mai gadi a Al Sadd, inda Hausawa muke haɗuwa ranar Juma'a, yana tambaya wa zai tuƙa tuwo wannan makon, wa zai zo da kuka. Wannan ita ce maganar da nake yi, ba wata ba. Na maƙale wayar a kafaɗa, na sa ribas, ban duba madubin dama ba. Ashe Binh ya koma bayan motar ɗauko hular kwanonsa da ta faɗi. Na ji motar ta ɗan yi tsalle kamar ta hau dutse, sai kuma na ji wani sauti da har gobe ba na son tunawa.

Sagir ya riga ni isowa da tasa motar, yana tsaye jikin katanga. Kafin in gane abin da ya faru ya buɗe ƙofar direba, ya kama hannuna ya fizgo ni ƙasa, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Sauka, Yaya. Je ka wurinsa."

Na zagaya na tarar da Binh a kwance, ƙafarsa ta hagu ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Na tallafi kansa, ina ta salati. Da mutane suka fito daga ɗakuna, abin da suka gani shi ne ni a durƙushe a ƙasa, Sagir kuma yana saukowa daga kujerar direba. Ba wanda ya yi mamaki, domin sau da yawa nakan jefa masa makulli in ce ya gyara mini fakin. Kyamarar farfajiyar kuwa ƙofar shiga take kallo. Mai kula da masaukin ya iso yana haki, ya tambayi wanda ke tuƙi.

"Ni ne," in ji Sagir.

Ina nan a durƙushe, kan Binh a cinyata. Bakina a buɗe yake, numfashi na shiga yana fita, babu abin da ya hana ni magana. Ban yi ba.

Bayan magariba na ja shi bayan ɗakin girki, na ce masa wannan wace irin hauka ce. Ko a nan ma da faɗa na fara, kun ji halina. Ya tsaya yana kallon ƙasa har na gama, sannan ya ɗago.

"Yaya, wa ke riƙe da Inna? Wa ke riƙe da su Hafsatu? Kai ne aka ce za a ba shugabancin direbobi bayan Sallah. Ni in na koma gida, ni kaɗai na koma. Kai in ka koma, gida gaba ɗaya ne ya zauna."

"Ƙarya fa ka yi, Sagir."

"Na yi. Ni zan nemi gafararta. Kai dai ka yi shiru."

Na yi shirun. Ina so ku fahimci wannan da kyau, domin a nan laifina yake, ba a madubin da ban duba ba. Hatsari ƙaddara ce da sakaci, minti ɗaya ne. Shirun kuwa kullum da safe nake sake zaɓensa. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu, Binh ya ce ya yafe, ba ya neman kowa da komai, kuma shi yana bayan mota, bai ga direba ba. Magana ta koma hannun kamfani, suka dakatar da Sagir, suka ce za a soke bizarsa a tura shi gida nan da 'yan makonni. Ya zauna a ɗaki yana wanke mana kaya yana dafa mana shinkafa. Ni kuma ina fita da bas, kujerar gaba babu kowa.

Da na kira gida ranar Juma'a, labari ya riga ni isa, domin Doha ba ta ɓoye wa Funtuwa komai. Inna ta karɓi wayar tana kuka.

"Haruna, na san yaron nan zai ja maka. Tun yana ƙarami ba ya natsuwa. Kai ka kai shi, kai ka tsaya masa, ga sakayyar da ya yi maka."

Mahaifiyarku tana daga gefe, ina jin muryarta tana cewa Allah dai Ya sa kada abin ya shafi aikina. Na ce, "Inna, a yi haƙuri, ƙaddara ce." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sagir na zaune a bakin gadonsa yana ninke riga, yana jin komai, bai ɗago ba.

Kwana tara na yi ban je asibiti ba. Kullum da uzurin da nake ba kaina. A rana ta goma, ranar hutu, na sayi lemo da tuffa na tafi da hantsi. Wata nas 'yar Kafanchan mai suna Ladi ce ke kula da ɗakin, da ta ji sunana sai ta juya harshe zuwa Hausa, ta ce, "Ashe kai ne Harunan. Baban nan kullum sai ya tambaya ko ƙanensa ya zo, har na ɗauka wani ɗan ƙasarsu yake nufi." Ta nuna mini gadon ta wuce. An sa masa ƙarafa a ƙafar, an ɗage ta sama. Ya rame, amma da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya nuna mini kujera. Muka yi gaisuwa, na tambayi jiki, ya tambayi hanya da zafi da wanda ya karɓi aikinsa. Ya ɓare lemo ɗaya ya raba biyu ya ba ni rabi. Sai da muka cinye sannan ya ce, a hankali, yana kallon silin:

"Em, madubin motarka babba ne. Wanda ke baya yana ganin fuskar direba a ciki."

Na ce masa me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ba shi ne ya kamata ya faɗa ba. Ya ce ƙafa dai ta riga ta karye, ko wane suna aka rubuta a takarda ba zai ɗora ta ba, kuma shi ba ya riƙe da ni a zuciya, ya san ba da gangan na yi ba. Abin da ya hana shi sukuni a gadon nan, in ji shi, ba ƙafarsa ba ce, yaron ne. Daga nan ya nemi biro, ya jawo takardar da aka naɗo magani, ya rubuta mini kalmomi biyu da haruffan boko masu ƙananan alamomi a sama da ƙasa: luân thường. Ya maimaita mini sau uku, ni dai a kunnena "luwan tuwang" nake ji, ya yi murmushi ya ce ya isa.

Ya ce tsohuwar magana ce a ƙasarsu, daga koyarwar Konfushiyas, wani malamin ƙasar Sin na da, wadda ta shigo musu tun kakannin kakanni. Kalma ta farko tana nufin tsarin da ke tsakanin mutum da mutum, ta biyu kuma abin da ba ya canzawa, ko zamani ya canza. Ya ce shi ba malami ba ne, mai walda ne, a bakin kakansa ya ji, wanda ya iya karanta tsofaffin haruffa. Ya ɗaga hannunsa mai tabo ya riƙa lanƙwasa yatsu: sarki da talakansa, uba da ɗansa, miji da matarsa, wa da ƙaninsa, sai aboki da aboki. Duk zaman duniya, a cewar kakansa, a cikin biyar ɗin nan yake, kuma in aka ce mutum ya taka luân thường, to an gama zaginsa, babu sauran abin da za a ƙara. Na ce masa ai mu ma muna da wannan, addininmu ya yi mana bayanin haƙƙin iyaye da zumunta da maƙwabtaka, kuma ƙaramin da bai girmama babba ba ba mu ɗauke shi mutum ba. Sai ya girgiza kai.

"Ka ga, kai ma rabin ka fara kawowa. Manya a ƙasarmu suna son maganar nan ƙwarai, domin rabi suke karantawa. Ɗa ya yi biyayya, mata ta yi biyayya, ƙane ya yi biyayya. Da ita aka danne mata da yawa, shi ya sa yaran yanzu in sun ji ta suke taɓe baki. Amma kakana ya ce kowane yatsa gaɓa biyu ne ke riƙe da juna. Ɗa ya girmama, uba ya ji tausayi. Ƙane ya bi, wa ya kare shi. Ƙanenka ya cika nasa har ya zarce. Ina naka?"

Bai jira amsa ba, sai ya shiga ba ni labarin kansa. Su biyu iyayensu suka haifa a wani ƙauye na bakin kogi, shi da ƙanwarsa. Da aka ga gida ba zai iya ɗaukar karatun mutum biyu ba, ita da kanta ta ce ta fasa, ta koma gonar shinkafa, duk da ta fi shi kai nesa ba kusa ba. Kowa ya yaba mata, aka ce yarinya ta san ya kamata. Shi kuma ya karɓa kamar yadda ake karɓar ruwan sha, ya tafi makarantar koyon sana'a, ya zaga ƙasashe. Ya ce ya aika mata kaya iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa zama a gabanta ya ce ya san abin da ta ajiye dominsa ba, kullum yana cewa sai ya koma gida gaba ɗaya. Ta rasu yana Doha, shekara biyu kafin wannan zama namu, bayanta a tanƙware saboda dashen shinkafa.

"Ban ce ka je ofis ba," in ji shi. "Kai ka san gidanka, ni ban sani ba. In ka yi shiru, ni ma shiru zan yi har in mutu, kuma kai ƙanena ne ko ta yaya. Na dai faɗa maka yadda abin yake da nauyi bayan shekara arba'in. Ba ya raguwa."

Na fito asibitin rana ta take, na zauna a tashar bas har motoci uku suka wuce ni. Babu abin da ya faɗa wanda ban sani ba. Na yi karatun allo, na zauna gaban malamai, na san hukuncin shaidar zur, na san abin da aka ce game da wanda aka ba kiwo. Amma duk tsawon rayuwata in ana maganar haƙƙi tsakanina da Sagir, a raina ni ne mai karɓa. Sai da wani mutum wanda ba ya sallah, wanda na karya wa ƙafa, ya juyo mini da maganar ta ɗaya fuskar, sannan na ga inda nake tsaye. Duk da haka ban tafi ofis washegari ba, kada ku ɗauka ni jarumi ne. Sai da na ƙara kwana shida ina juya abin, ina tuna ku ɗaya bayan ɗaya. Saura kwana biyu jirgin Sagir ya tashi, na sauke ma'aikata a Mesaimeer da safe, na wuce wurin mudir, wato manajan kamfanin.

Mutum ne mai ƙiba, ba mugu ba, ya san ni da aiki. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce da ma ban zo ba. Ya ce fayil ya rufe, mai rauni ya yafe, in na fita yanzu shi bai ji komai ba. Na ce masa na zo ne a cire sunan ƙanena a sa nawa, a bar shi ya ci gaba da aikinsa. Ya ce abin ba haka yake tafiya ba. Wanda ya tuƙa da waya a kunne ba zai zauna ba, wanda ya yi wa kamfani ƙarya a rubuce shi ma ba zai zauna ba. Alfarmar da zai iya yi mana ita ce ba zai mayar da maganar waje ba.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Ku biyun za ku tafi."

Ban taɓa ganin fushin Sagir ba sai ranar. Na same shi a ɗaki shi kaɗai yana ɗaure jaka, na faɗa masa. Ya saki igiyar, ya miƙe, amma bai ɗaga murya ba.

"Abu ɗaya na taɓa yi da kaina a rayuwata ban jira izininka ba, Yaya. Abu ɗaya. Shi ma sai da ka karɓe. Yanzu wa ya amfana? Ni na tafi, kai ka tafi. Don dai zuciyarka ta yi sanyi ka zubar da abin da na yi."

Na buɗe baki zan yi irin faɗan da na saba, sai na ga babu shi a cikina. Na zauna a ƙasa, a gabansa, na ce masa gaskiya ya faɗa, watakila don kaina na yi. Na ce amma ba zan iya ci gaba da cin abinci da sunansa ba. Na roƙe shi gafara a kan motar, da kan shirun, da kan shekarun da na yi ina taka shi a gaban mutane ina kiran abin tarbiyya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya ya ci gaba da ɗaure jakarsa.

Na koma asibiti na yi wa Binh sallama. Da na faɗa masa yadda ta kaya, ya rufe ido, ya ce da ya san duka biyun za a kora da watakila ya riƙe bakinsa. Na ce masa kada ya sa wannan a ransa. Ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu ya daɗe bai saki ba. Daga baya na ji ya warke da ɗingishi, ya ƙarasa kwantiraginsa yana koya wa matasa aiki a zaune, ya koma ƙasarsu. Mun yi waya 'yan lokuta, harshe na ba mu wahala tunda babu hannu da fuska da za su taimaka, har lambar ta daina shiga. Ban sani ba ko yana raye.

Na iso gida mako uku bayan Sagir, da niyyar in tara kowa in faɗi gaskiya. Shi ya tare ni a tasha, kafin in ga kowa. Ya ce Inna ta kwanta da hawan jini tun da ta ji ni ma an sallame ni, kuma gari ya riga ya yanke cewa laifinsa ne ya shafe ni. Ya ce ita tsohuwar nan da ni take tinƙaho tun rasuwar Baba, shi kuwa ta riga ta saba da yi masa faɗa, ba sabon abu ba ne a wurinta.

"In ka faɗa mata yanzu, 'ya'ya biyu za ta rasa a rana ɗaya, mai sakaci da maƙaryaci. Ka ɓata mini na farko, kada ka ɓata mini wannan. Ka rantse ba za ka faɗa ba muddin tana da rai."

Na rantse. Na ce wa kaina wannan karon shawararsa nake girmamawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba zan ɓoye muku ba, rantsuwar ta yi mini daɗi, ta bar ni da mutuncina. Shi ya biya. Gidan da yake neman aure suka janye, suka ce ba sa ba mai ganganci 'yarsu, sai bayan shekara huɗu ya auri Babarku Rabi. Masu motocin haya a gari suka riƙa yi masa kwana-kwana, har ya haƙura da tuƙi ya koyi gyaran injin ban-ruwa. Ni kuma na koma jigilar hatsi zuwa kudu, kuka bar makarantar da kuke kuka koma ta gwamnati, ginin da na fara ya tsaya a linta shekara da shekaru. Kun sha wannan wahala kuna ɗora ta a kan mutumin da ya yi ƙoƙarin kare ku daga ita. Mahaifiyarku ma ba ta sani ba sai watan jiya. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta dafa dambu ta ɗauka da kanta ta kai gidansa.

Ni da shi mun shafe kusan shekara biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Abin ya warware a hankali, ba da wani zama na sulhu ba. Na dai koyi tambayarsa ra'ayinsa, in kuma yi shiru har ya gama, abin da ya fi mini tuƙin tirela wuya. Har yau ban iya cewa zuwana ofishin mudir daidai ne ko kuskure, in aka auna da abin da ya biyo baya. Na san dai shi ne karo na farko da na tsaya a matsayin wansa ba ubangidansa ba, ko da ban iya tsayuwar ba.

Bayan addu'ar arba'in ɗin Inna na same shi a rumfarsa, ya baje wani inji yana wanke sassansa da fetur. Na ce masa zan rubuta, 'ya'yana da nasa su karanta. Ya ce a bar abin da ya wuce, yara sun girma, me za a tono. Na ce wannan karon ba izini na zo nema ba, sanarwa ce, amma in yana da abin da yake so a saka, zan saka. Ya goge hannunsa da tsumma.

"To ka rubuta cewa ba don kai kaɗai na yi ba. Ka ce na gaji da Doha ne, zafin ya ishe ni, ina neman hanyar dawowa gida, sai ga ta ta samu. Kada yaran nan su zo suna kallona kamar wani waliyyi, in kasa sakewa a gidan ɗan'uwana."

Na ce zan rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma, ga shi kuwa na rubuta. Ni dai na zauna ɗaki ɗaya da shi a can, na san mutumin da ke son aikinsa in na gan shi. Ban yarda da wannan maganar tasa ba, ku ma kada ku yarda.